Yadda Ake Zaɓa da Shirya Makwancin Ɗan Kunkuru a Cikin Ɗaki

Kusan duk wanda ya kawo mini ɗan kunkurunsa in duba masa, labarin ɗaya ne. Ya saye shi a kasuwa ko wani ya ba shi kyauta, ya zo gida ya samu kwalin taliya ya zuba yashi, ya jefa masa latas da tumatir. Bayan wata biyu ido ya rufe, ƙoƙon baya ya yi laushi, abinci ya gagara. In na tambayi dalilin yashin sai a ce mini ai dabbar hamada ce. Ba na ganin laifin kowa, don ni ma haka na yi wa na farkon da na samu, kuma bai ga ƙarshen hunturu ba.

Kunkurun da ya fi yawa a hannun mutanenmu shi ne babban kunkurun Sahel, wanda masu kiwo a duniya suke kira sulkata. Ana samunsa tun daga Senegal da Muritaniya, ta Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Najeriya da Chadi, har Sudan da Eritiriya. A girma shi ne na uku cikin kunkurun tudu, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Gaskiya ne ƙasarsa busasshiya ce, amma shi ba a sarari yake wuni ba. Rami yake haƙawa mai zurfi ya shige, inda ƙasa take da laima kuma zafi bai kai na waje ba. 'Ya'yan kuwa da damina suke ƙyanƙyashewa, lokacin da ciyawa ta yi tsawo kuma ƙasa a jiƙe take. Abin da jaririn ya sani ke nan, ɗumi da laima a tare, kuma shi za ka yi ƙoƙarin kwaikwaya a ɗakinka.

Kayan da za ka tanada

- Mazubi babba: bahon roba mai tsawo, ko akwatin katako da kafinta zai haɗa, ko tsohon kabad.
- Leda mai kauri ko tamfol, in katako ne.
- Ragar waya mai ƙananan idanu, irin wadda ɓera ba ya iya ci. Ragar sauro ta taga ba ta yi.
- Ƙasar lambu mai laushi wadda ba a zuba mata taki ko maganin ƙwari ba, kamar bokiti biyu zuwa uku.
- Tsohuwar tukunyar ƙasa, ko robar fenti da aka wanke tas.
- Kasko marar zurfi na ruwa, da gutsuren tayil ko falalen dutse.
- Ƙwan fitila mai zafi, wat 40 zuwa 60, irin wanda masu kiwon kaji ke kunna wa 'yan tsaki, da soket na tangaran.
- Ma'aunin zafi mai nuna danshi, ɗan ƙarami mai batir. Shagunan kayan kiwon kaji suna sayar da shi saboda masu injin ƙyanƙyasa.
- Gorar fesa ruwa sabuwa, wadda ba ta taɓa ɗaukar magani ba.

In kuɗinka bai kai ba, a kan ma'aunin nan kada ka yi rowa. Komai na cikin jerin yana da madadi, shi ne kawai babu.

Mataki na 1: Tabbatar da irin kunkurun da ke hannunka

Juya shi ka dubi cinyoyinsa na baya. Sulkata yana da wasu ƙayoyi biyu ko uku masu tsini a kowace cinya, ƙafafunsa na gaba suna da ɓawo mai kauri, launinsa kuma kamar na rairayi. Akwai wani ƙarami da ake kamowa daga dajin kudu da mu, mai dogon ƙoƙo, wanda in ya girma bayan ƙoƙonsa yake lanƙwashewa ya rufe ƙafafu kamar ƙyaure. Shi wannan inuwa yake so, ba ya son fitila mai zafi, kuma yana cin tana da dodon koɗi. Akwai kuma kififiya, mai faffaɗan baya, wadda ke fitowa a kududdufai da damina tana lanƙwasa wuya gefe in za ta ɓuya. Ita ruwa take buƙata, wannan bayani ba nata ba ne.

Abin da zan faɗa daga nan duk a kan sulkata ne. Ka kuma sani tun yanzu cewa ɗan abin nan da bai wuce santimita 5 ba zai iya kai kilo 40 ko 50, wani ma ya wuce, kuma yana iya rayuwa fiye da shekara 70. A daji yana ƙarewa, shi ya sa tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa ƙetare don kasuwanci. Idan za ka saya, nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gidan wani mai kiwo.

Mataki na 2: Zaɓen mazubi

Nan ne mutane suka fi ɓata kuɗi, don haka zan ɗan daɗe.

Kwali ka cire shi daga lissafi. Yana jiƙewa ya ruɓe, ɓera kuma yana huda shi a dare ɗaya.

Akwatin gilashi na kifi shi ne abin da mai kuɗi ke fara saya saboda kyau. Matsalarsa biyu. Na kasuwa yawanci dogo ne sama, siriri a ƙasa, alhali kunkuru fili yake so ba tsayi ba. Sannan kunkuru bai san gilashi ba, yana ganin waje sai ya wuni yana tura hanci yana neman hanya. In shi kake da shi kuma faɗinsa ya isa, manna takarda mai duhu ta waje daga ƙasa zuwa tsayin santimita 15, ya yi aiki. Yana riƙe laima sosai, wannan kam ba a ƙwace masa ba.

Akwai wanda Turawan Ingila suka fi yabawa, akwatin katako marar murfi da suke kira teburin kunkuru. Za ka gan shi da yawa a intanet. Don kunkurun ƙasashen Bahar Rum aka tsara shi, kuma a ƙasar da iska ke da laima. Ka ajiye irinsa a buɗe a Kano ko Maraɗi cikin watan Janairu, danshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ƙasar da ka jiƙa da safe kafin la'asar ta zama gari. Wanda ke zaune a Kumasi ko Legas zai iya amfani da shi yadda yake. Mu nan sai an yi masa murfi.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne bahon roba babba mai duhu, ko akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda. Roba ba ta ruɓewa, ana wanke ta, mutum ɗaya yana ɗaukar ta. Katako kuma ya fi riƙe ɗumi da dare, kuma kai kake faɗin girman da kake so. Ga awon da za ka ba kafinta: tsawo ƙafa 4, faɗi ƙafa 2, tsayin bango ƙafa ɗaya da rabi. Wannan zai ishi jariri ɗaya kamar shekara guda. In kana da wuri, ƙara. Ban taɓa ganin wanda ya yi nadamar girman akwati ba. Abin da ya sa ƙarami ba ya yi shi ne dole gefe ɗaya ya zama mai zafi, ɗayan mai sauƙi, domin kunkuru ba ya gumi, da ƙafa yake daidaita zafin jikinsa. A ɗan bahon wanka fitila za ta gasa ko'ina, ya rasa inda zai gudu.

In babu kuɗin kafinta, kwantar da tsohon kabad ko kantar littattafai a bayanta, cire allunan tsakiya, ka shimfiɗa leda har saman bango ka buga ta da ƙananan ƙusoshi ta waje. Tsohon tankin ruwa na roba da ya tsage, in aka yanke gindinsa, shi ma ya yi. Wanda aka taɓa zuba wa man fetur ko maganin feshi kada ka kusance shi.

Kusurwa ita ce tsanin kunkuru. Yana dogara da bango biyu ya hau, in bai fita ba ya faɗo a bayansa. Buga ɗan katako mai kusurwa uku a saman kowane lungu.

Mataki na 3: Murfi

Murfin kashi biyu ne. Ragar waya ta rufe saman gaba ɗaya, a kan firam ɗin katako mai sakata. A kan ragar kuma ka ɗora allo ko leda mai kauri ta rufe kamar kashi biyu cikin uku, ka bar ɓangaren fitila a buɗe. Ragar don ɓera da gafiya da mage ce. Ɓera yana cin ƙafar jaririn kunkuru yana barci, na gani da idona a gidan wani maƙwabci. Allon kuma don tsare laima. Da damina za ka iya janye shi rabi, da hunturu ka mayar.

Mataki na 4: Inda za ka ajiye shi

Ɗora shi a kan tebur ko benci, kada a daɓen siminti ko tayil, sanyin ƙasa yana ratsa roba. Ka sa kowace ƙafar teburin cikin gwangwani mai ɗan ruwa, saboda cinnaka da kwarkwasa, kuma ka raba teburin da bango. Nesa da taga mai shigo da iskar hunturu, nesa da fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Nesa kuma da inda rana ke faɗowa ta gilashin taga, don baho mai murfi a rana tanda ne.

Kada ya zama ɗakin girki ko inda ake ajiye abinci. Kunkuru yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai sa mutum gudawa da zazzaɓi, a kashinsa ko da lafiyarsa lau, kuma ita ce ta sa Amurka ta hana sayar da ƙananan da ba su kai inci 4 ba tun 1975, saboda yara suna sa su a baki. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, kuma kaskonsa ba ya haɗuwa da kwanukan gida.

Ɗakin da ake kunna maganin sauro ko ake fesa fiya-fiya bai dace ba. In dole sai an yi feshi, fitar da akwatin duka, sai wari ya tafi a dawo da shi.

Mataki na 5: Shimfiɗa

Tankaɗe ƙasar lambun ka cire tsakuwa da gilashi da leda. Shanya ta a rana kwana biyu don ƙwari su gudu. Zuba ta zurfin santimita 8 zuwa 10, ka jiƙa ta da ruwan ɗumi, ka danna da tafin hannu ta zauna don ya samu abin takawa. Gwajin laima mai sauƙi ne: dunƙula ta a hannu, ta haɗu amma ruwa bai ɗiga ba. Idan kana samun garin ɓawon kwakwa da masu rainon shuke-shuke ke sayarwa a dunƙule, haɗa shi rabi da rabi da ƙasar, ya fi kowane abu riƙe ruwa.

Yashi zalla yana manne wa abinci, ya taru a hanji ya toshe, yana kuma shiga ido. Dusar katako da ake shimfiɗa wa kaji tana da ƙura, ga shi ba ka san irin itacen da aka fere ba. Jarida da tabarma suna da santsi, ƙafafun jariri su riƙa baɗewa. Duk waɗannan a bar su.

Ga dalilin da ya sa nake ta nanata laima. Ka taɓa ganin kunkurun gida wanda kowane gida na ƙoƙonsa ya tashi tsololo kamar dalar gyaɗa? Na daji ba haka yake ba, bayansa sumul ne. An daɗe ana cewa yawan abinci mai gina jiki ne kawai ke jawo shi, sai a 2003 wasu likitocin dabbobi a Vienna, babban birnin ƙasar Ostiriya, suka raini 'ya'yan sulkata a ɗakuna masu danshi daban-daban, suka ga waɗanda suka tashi a bushe su ne suka fi yin wannan tudun. In ya riga ya fito ba ya komawa. Shekara biyu na farko su ne abin lura.

Mataki na 6: Maɓoya da kasko

Fasa tukunyar ƙasar gida biyu, ka goge bakin da dutse, ka kifa rabin a gefen da ba fitila, ka ɗan binne ta. In robar fenti ce, kifa ta ka yanke ƙofa daidai faɗinsa da ɗan ƙari. Ƙasar da ke ƙarƙashin maɓoyar ta fi ko'ina laima, nan ne raminsa. Tukunyar ƙasa ta fi, don tana shan ruwa tana sakinsa a hankali, kamar yadda randa ke yi.

Kaskon ruwa a binne shi bakinsa ya yi daidai da ƙasa, ruwan kuma kada ya wuce haɓarsa in ya shiga. Kwano mai zurfi da santsi yana kifar da jariri ya nutse a ruwan da bai kai yatsa ba. A kan tayil ɗin za ka riƙa zuba abinci, ka kifa shi gefen kaushin ya dubi sama, yana rage masa tsinin baki. Ka shuka ɗan kiri-kiri a wani lungu in kana so, zai ci ya kuma ɓuya a ciki. Duwatsun ado masu tsayi a bar su sai ya girma.

Mataki na 7: Zafi da haske

Rataye fitilar a ƙarshen gefe ɗaya, ɗaure da waya a jikin wani abu mai ƙarfi, kamar santimita 30 daga ƙasa, nesa da jikin roba da leda. Farin ƙwan nan na zamani mai tsimin wuta ba ya ba da zafi, sai tsohon yayi. Kunna ta awa biyu, sannan ka auna. Abin da kake nema:

- ƙarƙashin fitila, digiri 35 zuwa 38
- ɗaya gefen, 27 zuwa 30
- da dare, kada ya sauka ƙasa da 25
- danshi, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari

In zafi ya yi yawa ɗaga fitilar, in ya yi kaɗan sauke ta. Awa 12 a kunne, da dare duhu. Ka yi wannan gwaji kwana biyu ko uku kafin ka sa kunkurun. Da bazara, watan Afrilu da Mayu, ɗaki mai rufin kwano da kansa yakan wuce 35, to kashe fitilar gaba ɗaya, ka ƙara jiƙa ƙasa, in ya yi tsanani ka mayar da akwatin ɗaki mafi sanyi a gidan.

Hatsarin gaske yana daren hunturu. Laima da ɗumi lafiya ne, laima da sanyi kuwa mura ce, kuma murar kunkuru tana kisa. Alamarta kumfa a hanci, buɗe baki, da miƙa wuya yana numfashi. Masu wuta tsayayya ko sola za su iya sa ƙwan tangaran mai ba da zafi ba haske, tare da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai. In an ɗauke wuta, ko babu ita sam, cika gorar roba biyu da ruwan zafi, naɗe su da tsumma, jingina su a jikin maɓoyar, ka lulluɓe akwatin da bargo ka bar 'yar kafa. Wajen asuba ka canza ruwan, lokacin ne sanyi ya fi. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kada ma ka fara, ba kunkurun kaɗai zai kashe ba. Idan ka ga ba za ka iya riƙe 25 da dare ba, rage jiƙa ƙasar, ka bar laimar a ƙarƙashin maɓoya kawai har sanyi ya wuce.

Sai maganar ƙashi. Kunkuru yana buƙatar wani sashe na hasken rana, wanda ake rubutawa UVB, don jikinsa ya haɗa bitamin D3, da shi ne kalsiyam ke shiga ƙashi da ƙoƙo. Wannan haske ba ya ratsa gilashin taga, ƙwan 'yan tsaki ma ba ya ba da shi. Masu kiwo a Turai dole su sayi doguwar fitila ta musamman, kuma su canza ta kusan duk shekara don ƙarfinta yana raguwa ko da tana haske. Mu Allah ya hutar da mu. Ka tanadi baho na biyu da 'yar ƙasa, ka fita da shi da hantsi minti 30 zuwa awa ɗaya, sau uku ko huɗu a mako. Rabin bahon a inuwa, raga a sama saboda shirwa da hankaka da kaji, kai kuma kana kusa. Rana tana tafiya, inuwar da ka bari ƙarfe tara ba ta nan ƙarfe goma. Na san wanda ya shiga amsa waya ya fito ya tarar da nasa ya mutu.

Mataki na 8: Sa shi ciki da kula ta yau da kullum

Ɗaya ya fi. Kunkuru ba ya kewa. In biyu ne, ɗaya yakan danne ɗayan, ya tare abinci da wurin fitila, sai ka ga ɗaya yana girma ɗaya ya tsaya. Iri daban-daban kuwa ba a haɗa su ko kaɗan.

Kwanakin farko zai ɓuya, ƙyale shi. Kowace safiya jiƙa shi minti 15 zuwa 20 a ruwa mai ɗumi kamar na wankan jariri, zurfin ya tsaya inda ƙoƙon sama ya haɗu da na ƙasa. A nan zai sha, a nan yawanci zai yi kashi, akwatin ya zauna da tsabta. Farin abu kamar alli da yake fitarwa ba cuta ba ne in yana da laushi. In ya zama tsakuwa-tsakuwa, ruwa ne bai ishe shi ba.

Fesa ruwa a ƙasa da bayan ƙoƙonsa safe da yamma, kwashe ragowar abinci kafin dare saboda tururuwa. Duk mako zuba kofi ɗaya ko biyu na ruwan ɗumi a kusurwoyi ka juya ƙasar. Duk wata biyu ko uku canza ta, ko da zarar ka ji wari ko ka ga fumfuna. Abincinsa ciyawa ce da ganye: kiri-kiri, ganyen kabewa, rama, lalo, ɗan zogale, a barbaɗa garin ɓawon ƙwai da aka dafa sau biyu a mako. Tuwo da shinkafa da 'ya'yan itace ba nasa ba ne. In ka kai shi wurin mai maganin dabbobi, ka faɗa da bakinka kada a yi masa allurar ibamektin da ake yi wa awaki da shanu don tsutsa, guba ce ga kunkuru.

Auna shi a sikelin kicin duk Juma'a ka rubuta. Nauyin da ke hawa a hankali shi ke nuna makwancin ya yi. In ya tsaya wata guda, fara duba zafin dare kafin ka zargi abinci.

Idan tsawonsa ya kai kamar santimita 20, ko ka ga yana zagaye akwatin yana kartar bango, ɗaki ya ƙare masa. Ware masa wani lungu a tsakar gida mai rana da inuwa, ka gina katangar bulo jeri uku wadda ba ya ganin waje ta cikinta, ka kuma nutsa tushenta aƙalla ƙafa ɗaya da rabi cikin ƙasa, nesa da gindin ginin gidan, domin haƙa zai fara. Akwatin kuma kada ka yar, zai kwana a ciki da hunturu shekara ɗaya ko biyu masu zuwa.